Mashigin da Muka Wuce

Ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma mai kwale-kwalen ya wuce mashigin da muka yi da shi zai sauke mu. Na san lokacin ne saboda a daidai nan nake rubuta shi a jikin kwalba ta bakwai.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta, aikina shi ne ɗibar ruwan kogin nan da ke gangarowa daga wajen Gwarzo zuwa ƙasar Kabo, wuri bayan wuri, in kai a auna. Babana ya ce ba zan shiga jirgin baƙo ni kaɗai ba, shi ya sa Gwaggo ta biyo ni da ƙullin gyaɗarta.

"Baba, ga mashigin can a baya," na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji.

Bai waiwayo ba. Dattijo ne siriri, tun hantsi yake zuba mana hirar kifi, amma yanzu ya yi gum. Ya sunkuya ya tsamo wani karan masara ɗanye, har da saiwarsa, ya jujjuya shi, ya yar. Sai ya ciro waya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Mata biyu ne. Ku shirya."

Ba a daɗe ba da aka yi ta labarin mutanen da ake ɗauka a hanya a shige da su daji. Na buɗe littafina na fara rubuta duk abin da muka wuce, wai ko wani zai tsinta: tsamiya biyu, gonar dawa, wani yashi mai faɗi da ya dace a tsaya, bai tsaya ba. Wani yashin kuma, nan ma ya ƙi.

Na taɓa Gwaggo na raɗa mata.

"Ke dai boko ya cinye ki," ta ce. "Wa zai saci tsohuwa da yarinya mai kwalabe? Malam, in sayar da mu za ka yi, ka fara da ita, ni ba na tsada."

Bai yi dariya ba. Daga nan na ga ita ma ta daina ɓare gyaɗa.

Rana na gab da faɗuwa ya karkata zuwa wata gaɓa mai tsayi, duk taɓo, wurin da ba mai hankalin da zai zaɓa. Ya haura da igiya ya ɗaure can sama a gindin wani ɓaure, ya bar ta da tsawo sosai. Sai ga mutum biyu sun ɓullo ta cikin gero. Na riƙe kwalba ɗaya a hannu kamar za ta tsinana mini wani abu.

Mata ne. Wata dattijuwa da surukarta, daga gidan masu shanu da ke kan tudun, ɗauke da tabarma da buta. Ashe su ya kira a waya.

Sai da ƙafafunmu suka taka busasshiyar ƙasa na iya haɗa magana.

"Baba, me ya sa ka wuce da mu? Me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya karɓi kwalba ta shida da ta bakwai daga jakata, ya ɗaga su wajen sauran hasken rana. Ruwan ta shidan fari-fari, na ta bakwan ja kamar kunun kanwa. Ni na cika su, ni na rubuta musu lamba, ban gani ba.

"An yi ruwa mai yawa wajen Getso, 'yata, yana tafe. Hanyar mashigin can ta cikin fadama ta bi, da a tsakiyarta zai riske ku. Mu kuma ba ma faɗa wa wanda ke cikin jirgi ruwa na zuwa. Miƙewa tsaye yake yi."