Hoton Inna da Bai Fito Ba

Ƙwas-ƙwas ɗin guduma ne ya jawo tafiyar nan. Maigida na kafa ƙusa a falo zai rataye hoton mahaifiyarsa, ni kuma ina tankaɗe, sai na tuna da tawa mahaifiyar. Inna na kwance ba lafiya a ƙauyenmu, kuma ko hotonta ɗaya ba ni da shi.

Mun tashi daga Haɗeja bayan sallar asuba, ni da ƙanwar maigida. Maƙwabcinmu mai ɗaukar hoton biki ya so ya ara min babbar kyamararsa, na ƙi. Na ce wayata sabuwa ce, ido uku gare ta a baya, wa zai ɗauki wannan dutsen niƙa zuwa dubiya?

Mota ta sauke mu inda ruwa ya cinye hanya, kuɗinta kuwa ya kusa ninka na bara. Daga nan sai kwalekwale. Shinkafar mutane duk ta nutse, kawunanta kawai ke leƙowa, ciyawar kacalla ta toshe mashigai har sai mai tuƙi ya riƙa ture ta da gora. Abokiyar tafiyata da ke cika bakin ba ta tsoron ruwa, salati ta yi ta ja har gaɓa. A can muka sayi bandar kifi don miyar Inna.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. Da na shiga ɗakinta na gaishe ta, bango ta kalla ta ce, "Ke wannan, kin sha hanya." To ta yaya zan ce ta fito rana ta zauna ta dube ni in ɗauke ta? Ɗakin ƙasa ne, tagarsa ba ta fi faifai ba. Da ta juyo tana jan carbi, sai na ɗaga waya daga cikin hijabi na danna a sace. Ban kunna fitilar ba don kada ta gane. A ƙaramin gilashin na ga kamar ya yi.

Washegari muka juyo. Na kai wa maƙwabcin ya wanke min, ya buɗe a kwamfuta, sai duhu da ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaki. Ya ce ba yawan idanu ba ne. Akwai ɗan faranti a ciki mai karɓar haske, sensa, na waya bai kai farce ba, na kyamararsa ya ninka shi nesa. Da rana duk ɗaya suke, amma a ɗaki mai duhu kamar tarar yayyafi ne da ludayi ko da baho. Na tambaye shi ko zai gyaru. Ya girgiza kai, wai hasken da bai shiga ba, ba mai ƙirƙiro shi.

Na yi niyyar komawa da kyamarar in ruwa ya janye. Kafin ya janye Inna ta rasu. Allah ya jiƙanta. Na dai gane abin da mutum ya guji nauyinsa a hannu, wata rana a zuciya zai ɗauke shi.

Jiya autata ta same ni ina kallon hoton. Ta leƙa, ta goge gilashin da bakin rigarta.

"Umma, ki kunna musu fitila mana. Ban ga Inna ba."