Moɗa Mai Jan Zare

Birnin Kudu

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha. Ofishinmu na ilimi ne ya tura ni wata firamare a wani ƙauye bayan Zandam, in duba zaman yara da juna a aji: wa ke cikin tsoro, wa aka ware. Ban gaya wa kowa ranar tafiyata ba. Amma muna wuce shingen 'yan sanda direba ya waiwayo ya ce, "Malam, kai ne mai duba makarantar nan ko?" Nan take jikina ya ba ni an riga ni isa.

Gwaram

Na karya da koko da ƙosai, na hau acaɓa. Ban gama faɗin inda za ni ba ɗan acaɓan ya ce ai tun jiya ake shara a can. Na ce madalla, amma raina a ɓace yake.

Makarantar

Hedimasta ya tarbe ni da fara'ar da ta yi yawa, ya kai ni aji huɗu. Na tambayi yara yaya zamansu, suka haɗa baki, "Lafiya lau!" To da ma wane ɗa ne zai kai ƙarar gidansu gaban baƙo? Na daina tambaya, na koma kallo.

A kan randar bayan aji akwai moɗa biyu, ɗaya an ɗaure mata jan zare. Kusa da ita ga wani benci, babu kowa a kai.

Na nuna mai zaren na ce, "Wannan moɗar ta wane ne?"

Can wata yarinya ta ce, "Ta Hinde ce, mai faɗuwa."

Hedimasta ya ja ni gefe. "Farfaɗiya gare ta, ranka ya daɗe. Iyaye sun ce ana ɗauka ta yawu. Yau mun ce ta huta a gida. Babanta ma ya ce ya gaji, zai cire ta."

Takaici ya kama ni, don na san ba a ɗaukar ciwon. Na sa aka kira Hinde, ta zo tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Na kwance jan zaren, na ɗebi ruwa da moɗar na miƙa mata, ta kurɓa, na karɓa na shanye sauran. Wani yaro ya yi salati da ƙarfi.

Komawa

Na iso gida bayan la'asar lafiya, na gode wa Allah, ko da yake ban yarda ba za a mayar da zaren da na kwance ba. Bayan mako guda hedimasta ya kira ni, ya ce Hinde tana zuwa, amma kullum sai yara sun tambaye shi ko na faɗi.

Na ce, "Malam, ka gaya musu ina nan tsaye."