Ranar da Iya ta warware dardumar Farisa

Maigidana ya dawo daga Umara da darduma saƙar Farisa, daga ranar kuwa gidanmu na Talata Mafara ya shiga uku. Ba a taka ta da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ba a shan fura kusa da ita. Duk baƙon da ya zo sai an juya masa bayanta, a yi masa bayanin cewa da hannu aka ƙulla ta, zare bayan zare. Ni har na haddace karatun.

Ana haka sai Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga Birnin Tudu. Masaƙiyar tabarmar kaba ce, kuma su a sana'arsu in an ga sabon salon saƙa ba a tambaya. Gefe ake warwarewa kaɗan, a ga yadda hannu ya bi, a mayar. Ranar da maigidan ya tafi Maradun, na fito daga madafa na tarar da ita zaune dirshan, kusurwar darduma a cinyarta, jan zare da shuɗi warwatse kamar an fige zakara.

"Ɗiyata, wagga saƙa ba ta komawa," in ji ta. "Kowane zare guntu na, sun ƙulla sun yanke. Ka ji marasa tausai."

Na san mun shiga uku, amma dariya ta fi ƙarfina. Na zube ina riƙe ciki, ita ma ta kama, muka yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye. Da muka sarara na ɗauko zaren ulun da nake saƙa wa jaririyata hula, ruwan hoda, don shi kaɗai gare ni. Iya ta yi ta ƙullawa tana yi wa Farisawa tsiya. Facin ya fito, makaho ma sai ya gan shi.

Da muka ji ƙarar babur ɗin maigidan, Iya ta yi maza ta zauna a kan wurin. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya roƙe ta ta koma kujera, ta ce gwiwa ta hana. Ni ina bakin ƙofa ina cizon mayafi. Amma da aka kira la'asar dole ta tashi alwala.

Ya tsaya yana kallon facin, ni kuwa dariyar ta gudu. Iya ta ce ita ta yi, kada ya kuskura ya dubi matarsa. Ya durƙusa yana shafa zaren.

"Iya, rabon da ki yi mani saƙa tun tabarmar da nit tahi da ita makarantar kwana."

Idonta ya ciko. Sai ta ce ya kauce, ya tare mata hanyar buta.