Maganin Ƙarfen Yayana

Yayana ya yi shekaru a ƙasar waje yana karatun da ko babanmu, da duk maluntarsa, bai iya faɗin sunansa ba. Da ya dawo Ƙaura sai gwaggonmu ta tsare shi, wai sai ya gaya mata abin da ya karanto.

Ya gyara zama ya ce akwai igiyoyin da ido ba ya gani, irin masu ɗumama abinci a maikurowef. In sun tarar da ƙarfe ba sa ratsa shi, iyakarsu fatar sama. Shi aikinsa ɗaukar hoton iyakar inda suka shiga, da na'ura 'yar uwar ta asibiti mai hoton cikin jiki.

Gwaggo dai kalma biyu ta tsinta: ƙarfe, da ba ya shiga. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai kasuwar Moriki cewa ɗan malam ya karanto maganin ƙarfe a wurin Turawa. Babanmu kuwa rabin wa'azinsa a kan masu tauri yake ƙarewa! Ni abin nema ya samu. Kullum da safe sai in miƙa wa Yaya wuƙar yanka albasa, in ce a gwada mana. Har tsiren tukuici na ci da sunansa, ban kuma ji kunya ba.

Ana nan sai ga wani dattijo daga Dauran, da zakara a hammata. Geronsa ya nuna, amma 'yan bindiga sun hana shiga gona, iyalinsa kuma ba su da wani abin ci sai shi. Maganin yake so ya je ya yi girbi. Na laɓe a zaure ina jiran dariya.

Yaya bai yi masa ƙarya ba. Ya bi bayanin daki-daki, har da zane a ƙasa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana kallon zanen.

"Ashe ƙarhe na kay yi ma magani, ɗana, ba mu ba."

Dariyar ta maƙale mini, tausayi ya kama ni. Tsohon ya ajiye zakaran duk da haka, ya ce a yi masa addu'a, gobe zai shiga gona.