Ƙuduji a Gonar Aro

Tahiru bai taɓa mallakar ƙasa ba. Kakansa daga Katsina ya zo ƙasar Agiye da jaki da tallan gishiri, lokacin da ya waiwayi noma an gama rabon daji. Gonar aro ce ta ci da ubansa, shi ma ita ya taso ya tarar.

Da ya yi iyali, Malam Ayuba ya ara masa wata gona a bayan gari. Kada ka ce alheri ne ya yi wa malamin yawa. Gonar ta mutu, ƙuduji ya cinye ta. Ƙarshen damina sai ta rufe da fure shunayya, gwanin kyau, har baƙon da ke cikin mota ya leƙo yana yabo. Manomi kuwa ya san ciyawar nan a saiwar gero take kafa baki ta tsotse shi tun tana ƙarƙashin ƙasa.

Tahiru ya san ƙuduji kamar yadda mutum ke sanin maƙiyinsa. Tun bai yi fure ba yake gane shi, da siririn ganyen nan mai kaushi. Yana bambance na gero, dogo mai fure manya, da na wake, gajere mai kauri. Kafin ƙudujin ya zuba iri yake tuge shi, ya tara, ya ƙone. Da rani ya roƙi Fulani su kwana da shanu a gonar, yana ba su hatsin da gidansa ke bukata. Matarsa Rahina ta sha ɗaukar toka da kashin awaki a ka zuwa can.

Maƙwabcinsa, wanda shi ma ɗan aro ne, ya taɓa ja masa kunne. "Kai Tahiru, bar na bakin hanya mana! Mai gona in ya gitta ya ga huren nan, ba ya waiwayo ta."

"Ni in bar ƙuduji da gangan?" in ji Tahiru. "Allah shi kiyaye."

Ya tuge har na bakin hanya. Shekaru suka tura, furen ya ɓace, gero ya yi kai har masu wucewa na tsayawa kallo. A shekarar ce Malam Ayuba ya rasu, bayan girbi ɗansa Abdulaziz ya zo da gaisuwa mai daɗi.

"Baba Tahiru, Allah shi saka. Bana mu za mu noma abinmu."

Ba wanda ya ce an yi zalunci, ai aro ne. Abin da ya fi ƙona rai, yaron har da kirkinsa: ya ce akwai wata gonarsu can gabas, in Baba na so.

Tahiru ya je gani tare da Rahina, gemunsa fari, gwiwa na ciwo. Tun daga nesa busassun karan ƙuduji suka tare su, gona guda. Ya karɓa, don gidan sai an ci tuwo.

Rahina ta sauke ƙwaryar toka, ta dube shi. "Malam, wagga kuma wa za mu gyara ma ita?"