Allon da ke kan teburin Oyoo

Shekara goma sha huɗu Ragwel Oyoo ya yi yana yi wa manhajar kwamfuta ta Linux faci, wato ƙananan gyare-gyare, a bayan shagon gyaran rediyonsa a garin Mbita. Aikinsa shi ne cibiyar manhajar ta ci gaba da gane wani tsohon allon lantarki da ke juya ɗakunan sanyin kifi bakwai a bakin tafki. Kamfanin da ya ƙera allon ya mutu tuni. Guda ɗaya ya rage na gwaji, yana kan teburin Oyoo, ko matarsa ba ta isa ta goge masa ƙura ba.

Ka'idarsa ba ta canzawa: duk sabon faci sai ya kwana uku a kan allon nan kafin ya rubuta wa masu kula da manhajar "na gwada". Sau ɗaya tak ya karya ta. Makon da ake binne mahaifiyarsa, yana tsaye a tsakiyar masu makoki ya danna kalmomin nan biyu a waya, bai gwada komai ba.

Ɗakunan suka sha sabon facin, suka daina sanyi. Kifin kwana huɗu ya ruɓe.

Da hantsi masunta suka ɓalle masa ƙofa da filafilan jirgi. Dukan farko ya fasa masa baki, na biyu ya kai shi ƙasa. Ya rarrafa ya rungume allon a ƙirji, suna tattaka bayansa.

"Ku karya hannuna, ku bar wannan!"

Min Akumu, shugabar masu sayar da kifi, wadda ta yi kwana biyu tana dafa wa baƙin makokinsa abinci, ta tsaya a kansa tana huci.

"Ɗana, wannan ne mayen da ya cinye mana kifi?"

"Mama, don Allah, da shi zan gyara..."

Mutum biyu suka banƙare masa yatsu har biyu suka karye. Ta ɗora allon a bakin ƙofa, ta ɗauki dutsen tokare ƙofar, ta yi ta bugu sai da ya zama gari. Oyoo ya yi kuka kamar yaro, ba don yatsun ba.

Ya mayar wa ɗakunan tsohuwar manhaja, sanyi ya dawo. Bayan shekara guda masu kula suka aiko: za su cire sashen manhajar da ke gane allon gaba ɗaya, da sunansa a kai, sai dai in akwai mai allon gwaji.

Babu wanda zai gane in ya sake yin ƙarya. Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya sa karkataccen yatsansa ya rubuta: "Babu."