Rabin Rabi

Ni mutum ne mai waswasi, kuma duk masu sayar da katako a layinmu na kasuwar Katako sun san haka. Nakan kulle rumfa, in yi taku goma, in dawo in girgiza kwado. Alwala kuwa, buta takan ƙare ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba, amma a awon katako ba a cutata.

A shekarar da ciwon baya ya matsa mini, lokotoro ya rubuta takarda ya ce in je a ɗauki hoton ƙasusuwana, wani iri da ba hoton radiyon da muka saba ba. Da na isa sashen na ga wata alama mai ruwan ɗorawa a ƙofa. Na haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashinta ɗaya ɗaya, sai ga kalmar nukiliya. Na tuna da ƴan uwanmu na Tawa da suka yi aikin haƙar yuraniyom a arewa, da irin labaran cututtukan da suke dawowa da su.

Wadda ta karɓe ni yarinya ce sa'ar ƴata, cikin farar riga, da wani ɗan abu kamar akwatin ashana maƙale a ƙirjinta. Na ce, “Ina kwana, lokotoro.”

Ta yi murmushi ta ce, “Baba, ni ba lokotoro ba ce. Ni ce mai haɗa maganin, in auna shi, in yi maka allura, in ɗauki hoton. Karanta hoton kuwa aikin lokotoro ne.”

Ta tambayi sunana, ta duba takarda, ta tambayi sunan mahaifina, ta sake duba takarda. Ta shiga bayan wani gilas mai kauri da shingen dalma ta zuƙo maganin, ta sa shi cikin na'ura ta karanta, ta rubuta. Kafin ta soka mini allurar ta sake tambayar sunana. Nan na ji ta kwanta mini a rai. Na ce a zuciyata, yau na sami ƴar uwata a waswasi.

Sai da na jira wajen awa uku maganin ya ratsa jiki, ina ta shan ruwa kamar yadda ta ce. Duk wucewar da za ta yi sai na tare ta da tambaya. Abin ƙirjinta, ta ce maganin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma abin yana ƙirga wanda jikinta ke ɗauka a wurin aiki, kuma akan karɓe shi a duba. Karatunta, ta ce bayan bak, jarrabawar gama sakandare, ta yi shekaru tana koyon sassan jikin mutum da lissafi da yadda ake tsare mutane daga wannan haske, sannan ta daɗe tana aiki ƙarƙashin idon manya kafin a bar ta ta taɓa allura ita kaɗai. Da ta kwantar da ni ƙarƙashin na'urar hoton ta gyara mini ƙafafu da hannunta, ta ce kada in motsa. Ko numfashi sai da na nemi izini.

Da zan tafi ta ce, “Daga yau zuwa gobe kada ka rungumi jariri, kada ka daɗe kusa da mai ciki. Maganin da kansa yake mutuwa. Duk awa shida rabinsa ya tafi.”

A cikin taksi na fara lissafi. Awa shida, saura rabi. Wata shida, saura rabin rabi. Wata shida, rabin wancan. Ni da na tsufa da zarto a hannu na san abu ɗaya: ka raba katako biyu, ka ɗauki guda ka sake rabawa, ka yi ta yi har rana ta faɗi, kullum akwai guntun da ya rage a hannunka. Ashe ba ya ƙarewa ke nan.

A lokacin ƴata ta fari tana gidanmu a unguwar Maure, ta zo goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ina isa na ɗauke tabarmata na koma zaure. Na ware kwanona da butata. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka, ban koma ciki ba. Na yi wanka ya fi a ƙirga, kamar mai wanke najasa.

Rana ta uku ta haihu, namiji, jikana na fari. Mai ɗakina ta fito har bakin zaure ta ce, “Malam, shigo ka ga abokinka.”

Na ce ina ganinsa daga nan.

“Daga nan me kake gani? Zane?”

Na yi mata bayanin rabin rabi. Ta dube ni ta ce, “Shekara talatin ina haƙuri da kwadonka da butarka. Wannan kam ba zan iya ba. Yarinya na ciki tana kuka, tana tambaya ko laifi ta yi maka.”

Wannan magana ta soke ni. Amma duk lokacin da na ɗaga ƙafa zan shiga, sai in ga guntun nan da ya rage yana fita daga ƙirjina yana shiga ɗan jikin nan mai laushi. A gidanmu kuwa kaka ne ke karɓar jariri ranar suna ya yi masa addu'a. Mahaifina ya karɓi ƴaƴana duka.

Ana gobe suna na koma asibiti. Sakamakon ya riga ya fito, lokotoro ya ce tsufa ne da ɗaukar kaya, amma ba shi ya kai ni ba. Na zauna kan benci har yarinyar nan da ta yi mini allura ta fito. Ta gane ni.

“Baban tambaya! Lafiya?”

Na zayyana mata komai, har da misalin katako. Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta zauna kusa da ni ta ce, “Lissafinka daidai ne, Baba. Amma in ka yi ta raba katakon nan kwana tara, me zai rage a hannunka?”

Na ce, “Gari.”

“Ka taɓa yi wa wani rufin ɗaki da garin katako?”

Sai na ce, “Amma dai akwai shi.”

Ta ce, “Kai, Baba, kai ne ya kamata su ɗauka aikin nan. Jira ni.”

Ta dawo da wata ƴar na'ura mai kamar rediyon hannu. Ta ce tana jin hasken, ta yi ƙara. Ta kara ta jikin bango, ta yi ƙas, can an jima ƙas. Ta fita da ni tsakar gidan asibitin ta kara ta ƙasa, haka. Ta kara a jikinta, haka. Ta ce Allah ya halicci ƙasa da ɗan hasken nan a cikinta tun fil azal, a kansa aka haife mu duka. Sannan ta kara ta a ƙirjina, ta bi bayana, ta bi hannuwana biyu a hankali. Na kasa kunne kamar mai jiran hukunci. Ƙas. Can an jima, ƙas.

“Ka ji? Kai da bango ɗaya kuke.”

Na ce ta sake. Ta sake, ba ta ko yi tsaki ba. Da ta gama ta ce, “Ka je ka ɗauki jikanka. In ka ƙi, ni zan zo Maure in ɗora maka shi.”

Washegari da hantsi, bayan an raɗa suna, ƴata ta fito da shi da kanta. Ta miƙo mini shi. Na karɓa. Bai fi guntun katakon da nake jefa wa masu shayi nauyi ba, ga ɗumi. Na yi masa addu'ar da mahaifina yake yi. Sai na buɗe ƴan hannuwansa na ƙirga yatsu. Goma cif.

Mai ɗakina ta ce, “To, sake ƙirgawa mana, mun san ba ka gama ba.”

Na sake.